Na Jiƙa Waken Suya

Litinin, da hantsi

Mun dawo daga asibiti. Mijina, Mai Tawada, ko zama bai yi ba ya wuce wurin aiki, wai akwai bugu da ke jiransa a kan inji. Ni kuwa ga ni a bakin gado, ko mayafi ban cire ba.

Ba ciwo ne ya kai mu ba. Maɗaba'ar da yake aiki ce ta ce kowane ma'aikaci ya je a duba jininsa. Wancan makon na raka shi aka ɗiba, don tsoron allura yake. Ƙato kamarsa, mai juya injin da ya fi ɗakinmu girma, ya runtse ido ya damƙe hannuna har zobe ya shata min yatsa. Yau muka koma karɓar sakamako.

Likitar mace ce, siririya, ba ta da yawan fara'a. Ta ce kitse ya yi yawa a jininsa, kolestarol take ce masa, kuma mugun ne, wanda yake liƙewa a jikin jijiya kamar yadda maiƙo ke daskarewa a bututun wanke-wanke. Ta tambaye shi abin da ya yi ajalin mahaifinsa. Ya ce zuciya, kuma bai tsufa ba. Ta ɗago ta dube shi, ta daɗe. Ta rubuta masa ƙwaya, ɗaya kullum, sannan ta juyo gare ni.

"Ke ce mai girki?"

"Ni ce."

"To rabin aikin naki ne. Nama mai kitse, soye-soye, bota, duk a ja baya da su. Inda kika saba sa nama, ki riƙa sa waken suya a gurbinsa. Yana gina jiki kamar nama, kuma ba shi da irin wannan kitsen. Zai taimaka, amma kaɗan-kaɗan. A gurbinsa na ce. Kin ji ko?"

Na ce na ji.

A hanya ya ce, "Shi ke nan, 'yar littafi, an ba ki lasisin mai da ni akuya."

Na ce, "Wace akuya ce da tumbi irin naka?"

Ya yi dariya har mutane suna waiwayowa.

'Yar littafi yake ce min saboda littattafan soyayya. A wurinsu ake buga su, kuma duk kwafin da ya lalace a bugu shi yake kawo min. Wani shafinsa a kife, wani tawada ta malale a fuskar jarumar, mafi yawa kuwa ƙarshen ne babu. Sai in ƙirƙira musu nawa ƙarshen in ba shi labari yana cin abinci.

Allah ya yafe min, a ƙarƙashin tsoron nan har wani ɗan daɗi nake ji. A littafi, in miji ya kwanta, matar ce take tayar da shi da hannunta, daga baya ya riƙe hannun ya ce ba don ke ba. Ga nawa labarin ya zo.

Talata, bayan la'asar

Na sayo wake. Maƙwabciyarmu ta sama ta koya min yadda ake madararsa: a jiƙa ya kwana, a murje ɓawon, a markaɗa, a tace da ƙyalle, a dafa sosai har gafin ya fita. Ta ce kada in kuskura in bar gaban tukunyar, yana da tashi kamar mai aljanu.

Na jiƙa. Ƙanana ne, ƙulu-ƙulu kamar duwatsun carbi.

Laraba, da yamma

Sun kumbura sun yi tsawo, har sun ba ni sha'awa. Na yi komai yadda aka ce, sai dai na ɗauki littafi ina jiran tafasa. Jarumar tana tsaye a tashar jirgi ke nan na ji cuuu. Rabin madarar a kan murhu.

Ya kurɓi abin da ya rage, ya riƙe a baki kamar mai neman inda zai zubar.

"Wannan madara ce ko hukunci?"

Na ƙara sukari. Ya girgiza kai. Na ƙara. Na sake ƙarawa. Sai ya shanye, ya ce yanzu aka zo wurin.

Ya sha ƙwayarsa. Ni na miƙa masa ruwa.

Juma'a, da rana

Jiya na yi shinkafa da miya, wake a gurbin nama, yadda likita ta ce. Ya yi ta yawo da cokali a cikin miyar kamar wanda makullinsa ya faɗa rijiya. Ya ci rabi, ya wanke hannu, ya kunna rediyo.

Kullum in ya gama sai ya ce, "Allah ya bar min ke, to me ya faru da jarumar?" Jiya bai tambaya ba. Na tsaya a gaban kwanuka hawaye na zuba a ruwan wanke-wanke, ni kaina na san abin bai kai haka ba.

Na jiƙa wani waken.

Lahadi, bayan azahar

Inna ta zo. Mahaifiyarsa ce, amma tun da aka kawo ni gidan nan ba ta taɓa kirana da komai ba sai 'yata. Ni da na tashi babu uwa, duk sanda ta faɗa sai in ji kamar an lulluɓa min bargo.

Kai tsaye kicin ta shiga, kamar kullum, ta buɗe tukunya. Ta daɗe tana kallo.

"'Yata, ɓarawo ne ya shigo muku?"

"A'a, Inna."

"To ina naman?"

Na ba ta labarin likita. Ta saurara tana taɓe baki, sannan ta leƙa falo ta kira ɗanta. Ta kama haɓarsa ta juya fuskar dama da hagu kamar mai duba rago.

"Dubi wuyan nan. Ko shekara ba ku rufa ba za ki fara ramar min da ɗa? Kin san abin da mutane za su ce? Ba shi za su zaga ba, ke za su zaga. Su ce bai dace da mace ba."

Ya ce, "Inna, kwana nawa aka yi da har zan rame?"

"Kai rufe min baki. Mutumin da ke yini a tsaye yana ɗaga takarda kamar jaki, shi za a ba wa abincin kaji? Ubanka ba nama ne ya kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare."

Ta buɗe jakarta, ashe da ƙullin nama ta zo, mai kitse, irin wanda yake so. Ita ta dafa da kanta. Ina tsaye ina miƙa mata gishiri. Na ga fuskarsa da ya ɗauki yankan farko, idonsa har lumshewa yake. Ya gama ya dube ni ya ce, "To me ya faru da jarumar?"

Bayan tafiyarta na zauna na yi tunani, kuma ina ganin na samo hanya. In dai wake yana rage kitsen jini, to ai in na yawaita shi zai cinye na naman. Kamar sabulu da maiƙo, in maiƙo ya yi yawa sai a ƙara sabulu. Nama ya zauna, wake ya ƙaru. Inna ta ji daɗi, shi ya ji daɗi, jininsa ya wanku ba tare da ya sani ba.

Na ji kamar in tafa wa kaina.

Litinin, da safe

Na jiƙa wake, babbar roba.

Alhamis, da yamma

Gidan nan ya zama gidan wake. Madara da safe, madara da yamma. Na sayo garinsa ina barbaɗawa a miya. Na soya wani a mai ya yi ƙaras-ƙaras, yana tafiya da shi aiki a aljihu. Yau na yi kek da garin, da bota da ƙwai da sukari, ya tashi ya yi kyau kamar na shago. Ya ci yanka uku a tsaye.

"'Yar littafi, in magani haka yake, Allah ya ƙaro ciwo."

Na ce ya daina irin wannan maganar. Amma na ji daɗi.

Asabar, da hantsi

Tun shekaranjiya yake cewa ƙafafunsa na ciwo, cinyoyin kamar an yi musu duka. Yau na miƙa masa ƙwayar ya mayar da ita cikin kwalba.

"Ita ce take kashe min ƙafa. Almakashi ma ya ce haka ta yi wa surukinsa."

Almakashi abokin aikinsa ne, mai yankan takarda, dogo siriri, baki ba ya hutawa.

Na ce, "To mu koma mu faɗa wa likita."

"Ta ƙara min wata allurar? Ai ga wakenki nan, me ya fi shi? Tun da na fara sha nake jin jikina wasai." Ya matso ya rage murya. "Ki bar shi tsakaninmu. Ko Inna kada ta ji. Sirrinmu ne."

Sirrinmu. Ban taɓa karanta littafin da masoya ba su da sirri ba. Ya sa yatsansa mai baƙin tawada ya taɓa min hanci, na yi dariya na kai kwalbar bayan gwangwanin shayi.

Talata, bayan la'asar

Ya huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa. Ta wajen ƙarshe, ba ta ciki ba. Na ce ba mamaki waken ne ke gina shi, ai likita ta ce yana gina jiki.

Inna ta biyo da rana, ta gan shi ta washe baki.

"Yauwa, yanzu na ga hannunki, 'yata. Dubi yadda ya murje."

Yau ce ranar da likita ta ce mu koma. Ya ce aiki ya yi musu yawa, manaja ba zai bar shi ba, sai wani makon. Ban matsa ba. Ina tsakiyar wani littafi ne, saura kaɗan a gane cewa direban nan ɗan masu gida ne.

Laraba, da yamma

Na hango shi ta taga yana hawowa bene. Ya tsaya a tsakiya, ya dafa bango, ya sunkuya. Da ya shigo na tambaye shi, ya ce igiyar takalminsa ce ta kwance.

Sai da na zo jera takalma na tuna nasa ba shi da igiya.

Na jiƙa wake.

Alhamis

Ba zan iya ba yau.

Juma'a, da hantsi, a barandar asibiti

Kujerun nan na ƙarfe ne, a haɗe suke, in mutum ɗaya ya motsa kowa sai ya ji. Akwai wata mata a gefena tana ɓare lemo tun ɗazu ba ta sha ba.

Jiya madara na kan wuta, ni ina kan littafi, aka buga ƙofa. Almakashi ne, babu hula, da rigar aiki. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa ya tsaya yana kallon ƙafafuna.

"Amarya, ɗauko mayafinki."

A mota ya faɗa min, shi ma gutsi-gutsi. Wai ya ɗauko damin takarda zai ɗora wa inji, sai ya ajiye, ya zauna a kai, ya dafe ƙirji. Wai gumi kamar an watsa masa ruwa. Wai ya ce kada a kira ni, zan tsorata.

Sun shiga da shi wani ɗaki mai ƙofa biyu. Sun ce wata jijiya ce ta toshe, sun zura wani abu sun buɗe ta. Sun faɗi sunan abin da ya same shi. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Da aka bar ni na gan shi, wayoyi ne ko'ina a ƙirjinsa, leɓensa ya bushe. Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "'Yar littafi, kin kashe murhu?"

Maƙwabciya ce ta kashe. Tukunyar ta ƙone ƙurmus.

A littafi matar tana faɗuwa a kan ƙirjinsa ta yi magana mai daɗi. Ni na tsaya riƙe da takalmansa a leda.

Asabar, bayan azahar

Na je gida ɗauko masa kaya. Na ɗauko har da abin da ke bayan gwangwanin shayi, ban san dalili ba, hannuna ne ya kai.

Ina dawowa na tarar da likitarmu, siririyar nan, a bakin gadonsa. Inna na zaune da carbi. Likita ta ce tana so ta san ko ƙwayar ce ba ta yi masa aiki ba, don in haka ne dole ta canza lissafi gaba ɗaya.

"Yana shan ta kullum?"

Inna ta riga kowa. "Kullum. Ai 'yata ba ta wasa da shi, ita ke ba shi da hannunta."

Ya juya fuskarsa wajen bango.

Na buɗe jaka na ajiye kwalbar a kan teburin gefen gado. Likita ta ɗauka ta girgiza. Ko ƙara ba ta yi sosai ba, don kusan a cike take.

Ya ce, "Ni na ƙi sha, likita. Ƙafata take sa wa ciwo. Ita ba ruwanta."

Likita ta ce, "Da kun zo kun faɗa, da na rage ta ko na canza wata. Abu ne mai sauƙi."

Abu ne mai sauƙi. Tun ɗazu maganar nan take yawo a kaina.

Ta kira ni waje, ta ce in faɗa mata abin da yake ci. Na faɗa mata duka, har da kek, har da maganar sabulu da maiƙo. Na zaci za ta yi faɗa. Da ta yi ma da ya fi min. Sai ta jingina da bango kamar wadda ta gaji.

"Ƙanwata, wake ba sabulu ba ne, abinci ne. Ba ya bin jijiya yana wanke abin da nama ya bari. Yawancin amfaninsa shi ne ya zauna a inda nama mai kitse zai zauna, shi kansa kuma ya ɗan taɓa kitsen jinin, ɗan kaɗan. In kika ɗora shi a kan nama, kika haɗa da sukari da bota, abinci kawai kika ƙara masa. Shi ya sa ya ƙara ƙiba. Teɓa ba ta narkewa don an sha madarar wake, sai in abin da ake ci gaba ɗaya ya ragu. Kuma mai irin gadonsa, ko buhu ya cinye ba zai maye masa ƙwaya ba."

Na ce, "Ni na jawo masa ke nan."

Ta ce, "Abin ya daɗe yana taruwa, tun kafin ya san ki. Ba zan ce miki 'yan makonnin nan ne suka yi shi ba." Ta dube ni. "Ba kuma zan ce miki ba su da hannu ba. Ban sani ba. Babu wanda zai iya sani."

Da na koma ɗaki Inna ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Ke, miƙo min butar nan."

Ke.

Lahadi, da safe

Likita ta ce a gurbinsa. Ta faɗa, ta maimaita, ta tambaye ni ko na ji.

Litinin, da la'asar

Na kankare tukunyar. Ba ta fita ba.

Laraba, da rana

Na je maɗaba'a karɓo kayansa. Ban taɓa shiga ba sai yau. Zaure ne dogo, ƙara kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano, warin tawada da man inji har maƙogwaro. Takardu a jibge sun fi ni tsawo. Almakashi ya nuna min injin Mai Tawada, kore, an goge shi yana sheƙi, ashe maigidan ya liƙa ɗan hotona a gefen maɓallan. Wani ne a tsaye a wurin, yana danna su kamar tun can nasa ne.

Na ga damin da ya zauna a kai. Na gwada ɗaga gefe ɗaya, ko motsi bai yi ba.

Almakashi ya ba ni rigarsa da kular abincinsa. Ya yi ta sosa ƙeya.

"Amarya, maganar surukina da na yi masa, wallahi hira ce kawai."

Na ce na sani. Kowa hira ya yi. Ni ma labari na ba wa kaina.

Ya zaro wani littafi daga aljihu, bangon a karkace. "Wannan ya ajiye miki ranar. Ya ce za ki so shi, jarumar ma'aikaciyar jinya ce."

A mota na buɗe kular. Akwai sauran kek, ya yi fumfuna.

Juma'a, da yamma

An sallame mu. Ya hau benen nan a hankali, yana hutawa, ni a gaba da jaka, Almakashi a baya da hannu a buɗe. Bai ce igiyar takalmi ba.

Likita ta ce wani ɗan sashe na zuciyar ba zai dawo yadda yake ba. Zai yi tafiya, zai yi aiki, amma shi da ɗaga dami har abada. Manaja ya aiko cewa in ya warware za a ba shi tebur, ya riƙa duba kuskure kafin a buga.

Ya ce, "Kin ga ta kanki, 'yar littafi. Yanzu ni zan hana littafi lalacewa. Na kyauta ya ƙare."

Ya yi dariya, sannan ya daɗe yana kallon yatsunsa. Tawadar ta fara fita. Ban taɓa ganin faratansa farare ba.

Lahadi, bayan la'asar

Na yi miyar ganye da wake, mai kaɗan, da 'yar shinkafa. Na zuba masa ke nan Inna ta yi sallama, da kula a hannu. Tun daga ƙofa na ji ƙamshin. Nama ne da romo, maiƙo yana yawo a sama kamar idanuwa.

Ba ta dube ni ba. Ta zauna kusa da shi, ta jawo farantinsa, ta tsamo manyan yanka ta ɗora a kan shinkafar.

"Ci ka mayar da jininka. Sun tsotse ka a asibitin nan, dubi yadda ka koma."

Ya dubi naman. Ya dube ni. Na ga maƙogwaronsa ya motsa.

Na durƙusa a gabanta, na ɗauki cokali, na kwashe naman ɗaya bayan ɗaya na mayar cikin kularta. Har shinkafar da romon ya taɓa na kwashe. Na rufe kular.

"Inna, ki yi haƙuri. Ba zai ci ba."

"Me kika ce?"

"Ba zai ci ba. Ko yau, ko gobe. In zagi ne a zage ni, in ramewa ce ya rame a hannuna. Wancan karon na ji kunyarki na bari."

"A gaban idona? Ni da na haife shi?"

"A gaban idonki, Inna."

Ya ce, "Inna, ki bar ta. Wake zan ci." Ya ɗebi miyar ya kai baki, ya tauna yana ɓata fuska kamar yaro. "Wallahi babu daɗi. Amma zan ci."

Na jira ta tashi ta fita. Ba ta tashi ba. Ta ɗora kular a cinya ta riƙe da hannu biyu, tana kallon murfin. Da ta yi magana muryar ba tata ba ce.

"Haka nake yi wa ubansa. Kullum sai na zaɓar masa mai kitsen. In ya ci ya ce babu mai hannuna." Ta goge ido da gefen mayafi. "Babu wanda ya faɗa min. Ni babu wanda ya faɗa min."

Ni an faɗa min. Ban ce mata haka ba, ta sani.

Ta tafi da kularta. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Ke, ki riƙa sa masa albasa da yawa, yana rufe gafin." Ba ta ce 'yata ba. Ban san ko za ta sake cewa ba.

Talata, da yamma

Mun fita tafiya yadda likita ta ce, daga ƙofa zuwa shagon mai gyaran agogo mu dawo. Ya riƙe kafaɗata a hanyar dawowa. Bel ɗin ya koma tsohon raminsa, wanda ya huda da ƙusa yana nan a gefe kamar ido.

Da muka huta ya ce in karanta masa littafin ma'aikaciyar jinyar. Na karanta. Ta yi jinyar mutumin, ya fara buɗe ido, ya kama hannunta zai yi magana, sai shafin ya ƙare. Sauran fari fat, inji bai kama ba.

Ya ce, "To ƙirƙiro mana, ai kin iya. Me ya ce mata?"

Na daɗe ina kallon farar takardar. Da can kafin ya rufe baki na gama aurar da su.

Na ce, "Ban sani ba."

Na rufe littafin, na ɗauko sabuwar kwalbar daga kan tebur, inda kowa zai gan ta. Na miƙa masa ƙwaya da ruwa, na tsaya har ya haɗiye.

"Buɗe bakin in gani."

"Haba, 'yar littafi."

"Buɗe."

Ya buɗe.

Na jiƙa wake, ƙaramin kwano, daidai miyar gobe.